Bakwai Saura Kwata

A wurin da ake niƙa roba ba wanda yake magana kamar mutum, kowa ihu yake yi. Gaisuwa ihu, tambayar iyali ihu, har ta'aziyya in ta kama sai an ɗaga murya, don injin niƙa ba ya yin shiru saboda wani ya rasa uwa. Cikin wannan hayaniya Gwaggo ta yi shekara ashirin da shida tana cin abinci da kunnenta. In ka gaya wa baƙo haka sai ya ɗauka zolayarsa kake yi.

Ga yadda aikin yake. Masana'antun da ke ƙera bokitai da kujeru da kwanduna ba sa rabuwa da ɓarna: bokitin da ya fito a karkace, kujera mai ƙafa uku da rabi, 'yan wutsiyoyin da ake yankewa a jikin kaya in sun fito daga inji, da dunƙulen robar da inji ke amayarwa duk lokacin da za a canza launi. Duk wannan ake lodawa a manyan motoci a kawo farfajiyar kamfanin su Gwaggo. A nan za a tantance ta, a niƙa, a wanke, a narkar, a ja ta kamar igiya, a yayyanka ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a ɗura a buhu a mayar wa masana'antun su sake ƙera wani bokitin. Mai kallo daga nesa zai ce ai roba roba ce. Duk wanda ya faɗi haka kujera ba ta taɓa watsewa da shi a gaban surukansa ba.

Iri-iri ce, kuma ba kowacce ke zama da 'yar'uwarta ba. Wasu ruwa ne ke raba su: a zuba a tanki, wannan ta nutse, waccan ta taso. Amma akwai guda biyu da ruwa bai san bambancinsu ba, ido ma bai sani ba. Duka suna tasowa, duka suna sheƙi, sai dai ba sa ga maciji da juna. In aka narkar da su tare za su yi kamar sun shirya, kaya su fito sumul, sai an ɗora musu nauyi su tsage. Injiniyoyi suna da sunayen da suke kiransu da haruffa, Gwaggo ba ta taɓa wahalar da kanta ta riƙe ba. Ita ta san ɗaya da Mai Amsawa, ɗayar kuma Mai Shiru. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a gaban kujerarta, can ƙuryar rumfa inda ƙarar inji ta ɗan yi sauƙi. Daga kowane tsibi takan ɗauki guntaye kaɗan ta saki a kan ƙarfen. In guntu ya ce ƙwas, Mai Amsawa ce, a kai tsibin hannun dama. In ya ce dib, Mai Shiru ce, a kai hagu.

Tsohon da ya koya mata aikin, Allah ya jiƙansa, ya huda guntaye biyu ya zura a igiya, ɗaya daga kowane iri, ya yi wa na Mai Amsawa 'yar tsaga a gefe, ya ce duk ranar da ta yi shakka ta tambaye su. Ta rataye su a ƙusa a jikin ginshiƙi. Fiye da shekara ashirin ba ta tambaye su komai ba, don Gwaggo da shakka ba su cika haɗuwa a hanya ba. Gajeruwa ce mai ƙiba, mai saurin baki, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har Manaja wanda furfurarsa ta fi tata. In direbobi suna kwatance sai su ce Gwaggo Mai Kunne.

Kunnen nan ne ma ya yi mata aure. Mijinta mai gyaran agogo ne, dogo siriri, wanda Allah ya ba shi hannu mai natsuwa ya rage masa murya. Ba in'ina yake yi ba, ba kuma kunya ba ce. Haka kawai maganarsa take fita, ƙasa-ƙasa, kamar yana gudun kada ya tashi agogon da ke barci a tafin hannunsa. Masu kawo gyara sai sun ce na'am sau uku kafin su ji ranar da za su dawo. Ranar da ta kai masa agogon mahaifinta, tana budurwa, ya buɗe bayan agogon ya ce da kansa, wannan ba lalacewa ya yi ba, gajiya ya yi. Tana bakin ƙofar shago, taku biyar tsakaninsu, ga motoci suna wucewa. Ta ce to a ba shi hutu mana. Ya ɗago, ɗan gilashin gyara maƙale a ido ɗaya, ya dube ta kamar wanda aka kama yana sata. Daga baya yayyensa suka riƙa tsokanarsa cewa shi ba zaɓe ya yi ba, ita kaɗai ce ta ji lokacin da ya yi tambaya.

Yanzu shekararsu talatin da ɗaya tare. 'Ya'ya uku, duk sun tashi sun kama gabansu. Shagon ya sake shi tun da mutane suka koma duba lokaci a waya, teburinsa ya dawo ɗakin gaba, jikin taga. Tare da teburin aka kwaso agogunan bango guda bakwai, wasu nasa, wasu na mutanen da suka kawo gyara ba su waiwayo ba. Ya jera su a bango yana ba su wani, wato murɗa su da makulli, kamar yadda wasu ke ba kaji hatsi. Gwaggo ba ta gaji da mita a kansu ba. Takan ce ta wuni cikin ƙarar inji, ta dawo gida ta tarar da munafukai bakwai suna ƙus-ƙus a kanta.

Motar ma'aikata tana tsayawa a bakin titi ƙarfe bakwai daidai. Kullum da safe Gwaggo za ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba shi baya, tana ɗaura ɗankwali tana laluben takalmi da ƙafa, shi kuma daga teburinsa, ko ɗagowa bai yi ba, zai ce:

"Bakwai saura kwata, mutuniyar."

"Na ji, Malam. Ai ba kurma ba ce ni."

Ba wai ba ta san lokaci ba ne, mai agogo bakwai a bango. Wasu mazan suna sayen zane, wasu Allah ya ba su daɗin baki. Shi wannan ce tasa, kuma ta san haka tun shekarar farko, shi ya sa ba ta taɓa fita ba tare da ta ba shi amsarsa ba.

Agogunan ne suka fara yin shiru. Wata rana ta dawo daga aiki ta zauna tana cire takalmi, sai ta lura ɗakin ya yi tsit, ga hannuwan agogo suna tafiya amma ba ƙus-ƙus. Ta ce a ranta, ashe dai mutumin nan yana jin magana, ya sa musu wani abu a ciki. Ta ji daɗi, amma ba ta yi godiya ba, don a ganinta wanda ya sa ka jira shekara da shekaru ya riga ya cinye godiyarsa.

Daga nan sai hirarsa ta fara raguwa. In sun zauna cin abinci ba abin da take ji sai taunarta, in ta ɗago ta gan shi ya sunkuyar da kai a kan kwano. Wani lokaci takan hango bakinsa yana motsi daga gefe, ta ce da agogonsa yake, halinsa ne tun da can. Ana nan sai wata safiya ta gama ɗaura ɗankwali, ta sa takalmi, ba ta ji komai ba. Ta ce aiki ne ya ɗauke masa hankali. Washegari ta kwance ɗankwalin ta sake ɗaurawa, ta sake kwancewa, shiru. A rana ta uku ta tsaya har ta ji kunyar tsayuwar, sannan ta fita ta ja ƙofa da ɗan ƙarfi.

Kada wani ya yi saurin cewa da ni ne da na gane. A wurin aiki tana jin kowa sarai, tunda kowa ihu yake. In 'ya'yanta suka kira, waya manne take da kunnenta. Maƙwabciyarta kuwa irin matan nan ce da in suna raɗa ake ji a layi na uku. A duk duniyar Gwaggo mutum ɗaya ne yake magana a hankali, kuma shi kaɗai ne ya ɓace mata. Ban da haka, mutum yakan zargi ƙafarsa, ya zargi idonsa, amma da wuya ya zargi abin da ake kiransa da shi. Laifi tudu ne, ta taka nata ta hango na Mai Agogo.

Ta yi ta neman dalili. Ko dai zaman gida ne ya fara cinsa, ganin ita ke fita shi yana zaune? Ko warin ƙonanniyar roba da ke bin kayanta ne ya ishe shi bayan shekarun nan? Ko kuwa ta tsufa ne kawai, hira da ita ta ƙare kamar yadda man fitila ke ƙarewa? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da duk wani rashi da suka taɓa yi tare, don wancan su biyu suka yi shi, wannan kuwa ita kaɗai. Amma ta tambaye shi? Allah ya kiyaye. Ta yanke hukunci cewa wanda ya fara shiru shi zai fara magana. Ta riƙa ajiye masa shayi ba ko sannu, ta kwashe kwano ba ko kallo.

Shi kuma sai ya shiga wasu abubuwa da ba ta gane kansu ba. Ƙofar kicin da ta yi shekara biyar tana jan ƙasa, ya cire ta ya fere gindinta ya mayar. Ya fara wanke kofinsa da kansa. Wata rana ta tarar da kwalbar man zafi a kan matashinta, irin wanda take shafawa a gwiwa. Ta ce wato zai biya da hannu don kada ya biya da baki ke nan. Ta shafa man dai, don gwiwa ba ruwanta da fushi.

A wata na biyar babbar 'yarsu ta kira ta, bayan gaisuwa ta ce Baba ya ce a tambaya ko lafiya, wai kwana biyu kin yi shiru. Gwaggo ta kusa jefar da wayar. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Ashe bakin yana aiki, ita ce dai ba a buɗe mata shi. Ta ce wa yarinyar lafiya lau, ta gaya wa ubanta shi ma ana gaishe shi. Daga ranar ta daina ma tsayawa a bakin ƙofa da gangan, sai dai ɗankwalin ne har yanzu yake ɗaukarta lokaci fiye da da.

Wata takwas aka yi a haka.

Ranar wata Litinin motar masana'antar kujeru ta shigo farfajiya, amma ba tarkace ta kawo ba. Buhunan ƙwayar da aka kai musu ne aka dawo da su, da kujeru goma sha biyu a sama. Manaja ya sa aka tara ma'aikata. Ya ɗauki kujera ɗaya sabuwa ful, ya ɗora gwiwa ya danna, ƙafar ta ɓalle. Ya ɗaga karayar kowa ya gani, tana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Duk wanda ya yi wata uku a wurin ya san ma'anar wannan: an narkar da maƙiyan nan biyu tare.

Idanu suka koma kan Dogo, mai kula da injin niƙa, don in bai share cikin inji ba kafin a canza iri, ragowar wannan takan shiga waccan. Ba wanda ya dubi Gwaggo, ko da wasa. Dogo ya rantse ya kuma rantsewa cewa bai taɓa tsallake shara ba. Manaja ya ce ya tafi gida tukuna har a bincika. Mutumin ya cire safar hannu ya ninke, ya zo wucewa ta ƙuryar rumfa, ya sunkuyo ya yi mata ihu kamar kullum, ya ce Gwaggo a sa shi a addu'a, ga iyali.

Ta ce Allah ya kyauta, amma ta sha jinin jikinta. Ta san ragowar da ke maƙalewa a inji ba ta kai ta karya kujera ba. Wannan haɗi ne na tsibi da tsibi, kuma mutum ɗaya ne yake cewa a kai tsibi dama ko hagu. Sai ta tuna a 'yan watannin nan hannun hagu yana cika fiye da yadda ya saba, har ta taɓa ce wa wani direba masana'antun yanzu duk sun koma Mai Shiru.

Da aka kashe inji don hutun rana, kowa ya watse neman abin sawa a baki, ta tashi ta ɗauko igiyar nan daga ƙusa. Ƙura ta yi mata kauri. Ta goge guntayen da gefen zane, ta kwance ƙullin da ƙyar. Ta saki marar tsaga a kan ƙarfe, ya ce dib. Daidai. Ta saki mai tsaga, ya ce dib. Ta ɗauka ta duba tsagar da kyau, ta sake saki. Ta miƙe tsaye ta ɗaga hannu sama ta sake shi daga can. Tana ganinsa ya daki ƙarfe ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujera, amma abin da ya iso kunnenta dib ne, shi ma kamar daga wani ɗaki.

Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Ba ta yi kuka ba a lokacin, tsoro ne ya fi yawa, irin na wanda ya sa hannu a aljihu ya ji wayam. Can ta ce bari ta mayar da kayan tsoho inda ta ɗauko su. Zura igiya yana son hannu biyu, sai ta cije guntu mai tsaga a haƙori, ta kama ɗayan tana neman hudar. Wanda ke hannu ya kuɓuce ya yi lilo a igiya ya daki na bakinta.

Ƙwas.

A tsakiyar kanta ta ji shi, tas, kamar ranar farko. Ta ƙanƙame guntun da haƙori ta ɗalle shi da farce, ya sake amsawa. Ta musanya ta ciji ɗayan ta ɗalla, ya ce dib. Ashe Mai Amsawa tana nan tana amsawa, ba ta taɓa fasawa ba, Gwaggo ce ta yi watanni tana tura ta hannun hagu. Tana cikin wannan tunani sai ƙofar gidanta ta faɗo mata a rai, da ɗankwali, da bayan da take ba teburin jikin taga kowace safiya. Nan hawayen suka zo, ga roba a baki, ba ta ko cire ba.

Ta wanke fuska a famfon tanki ta nufi ofis. Ba ta zauna ba.

"Yallaɓai, a aika a kira Dogo. Ba injinsa ba ne, kunnena ne."

Ta gaya masa komai a taƙaice. Manaja ya cire tabarau ya ajiye, ya fara magana. Ofishin shiru ne, shi kuma tausayi ya sa ya sassauta murya, abin da bai taɓa yi da ita ba. Tana ganin bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya gane, sai ya dawo da muryar farfajiya, ya ce ta je gida ta huta, gobe sa yi magana, Dogo kuma yanzu za a bi shi.

Rabonta da ganin unguwarsu da rana tsaka a ranar aiki har ta manta. Ta tura ƙofa ta yi sallama, sai ta tsaya cak. Bangon ɗakin gaba fayau yake, ba komai sai ƙusoshi bakwai da tabo bakwai inda fenti bai dushe ba. Agogunan suna ƙasa a jere, an naɗe biyar da tsofaffin jaridu an ɗaure da zare. Mai Agogo yana durƙushe a kan na shida. Ya ɗago a firgice, ya miƙe, bakinsa ya motsa. Karo na farko cikin watanni ta tsaya ta dubi bakin nan sosai. Magana yake yi, doguwa ma, har da nuna ta da nuna taga, yana tambayar ko lafiya ta dawo yanzu. Abin da ya iso mata bai wuce gunjin ƙudan zuma a bayan bango ba.

Ta wuce teburinsa ta ɗauki wani agogon hannu da ke tafiya, ta kara a kunnen dama, ta kara a na hagu, ta girgiza kai. Sannan ta ciji gefensa, ta rufe ido, ta ɗaga yatsa tana bin bugunsa. Da ta buɗe ido ta gan shi tsaye da zare a hannu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gano inda abu ya tsaya ba ya buƙatar a yi masa bayani sau biyu. Ya laluba kujerarsa ya zauna a hankali.

Ta ce masa ya juya. Ya juya ya fuskanci taga. Ta zo ta bayansa ta sunkuya, ta ɗora gefen kanta, daidai ƙashin bayan kunne, a tsakanin kafaɗunsa. Rigarsa tana warin man agogo.

"Yi magana, Malam."

Sannan muryar ta zo, ta cikin ƙashi, kusa fiye da yadda ta taɓa jinta.

"Me zan ce?"

"Abin da ka saba."

"Ai ba lokacinsa ba ne. Yanzu biyu da minti ashirin."

Dariya da kuka suka haɗe mata, ta riƙe kafaɗarsa don kada ta faɗi. Da ta natsu ta tambaye shi ko yana faɗa duk watannin nan. Ya ce kullum. Ta ce ba ta amsa ba. Ya ce eh, ba ta amsa ba. Ta ce to me ya hana shi ya tambaye ta abin da ya faru, shi ba shi da baki ne? Ya ce ya tambaya, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, tana wanke-wanke, tana ninke kaya, ta ci gaba da abin da take yi ko waiwaye babu. Sai ya ɗauka wani laifi ya yi mai girma da ba ta son ko ambatonsa. Ya yi ta lalube. Ya ce ko ƙofar kicin ce, ya gyara. Ya ce ko kofi ne, ya wanke.

"Na rasa abin da ya rage in gyara. Sai na ce ko su ne." Ya nuna agogunan da ke ƙasa da haɓa, ta ji motsin a bayansa. "Wani zai zo da yamma ya kwashe."

Ta san abin da agogunan nan suke a wurinsa. Su kaɗai suka rage masa daga shago, da su yake wuni in ta fita. Kunya ta kama ta, da tausayi, da wani irin so da ta ɗauka shekaru sun riga sun lafar da shi. Ta ce in mutumin ya zo a ba shi ruwa ya sha ya koma. Ta ce a mayar mata da munafukanta bango, duka bakwai, yanzu.

Shi ya hau kujera, ita ta riƙa kwance jarida tana miƙa masa. Kowanne kafin ta miƙa sai ta manna goshinta a jikin katakonsa ta ji yana tafiya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Likita ya duba ya ce can cikin kunnen da ransa, hanyar shiga ce ta ƙage, kuma akwai abin da za a iya gwadawa nan gaba. Mai Agogo ya fere mata siririyar sanda ta itace mai tauri, irin wadda yake kara wa agogon bango in yana neman inda yake ɗingishi. Takan kafa kai ɗaya a kan faffaɗan ƙarfen, ɗayan a bayan kunnenta, sannan ta saki guntu. Manaja ya gwada ta da guntaye talatin da shi kaɗai ya san irinsu, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Dogo ya dawo bakin injinsa, kuma da ta je ba shi haƙuri bai bari ta ƙarasa ba. Igiyar tsoho ta bar ƙusa ta koma wuyanta, kullum da safe sai ta tambayi guntayen kafin ta taɓa tsibin farko.

Amma duk wannan daga baya ne. Washegarin ranar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba shi baya, don sabo ba ya fita a kwana ɗaya. Ta ɗaura ɗankwali, ta laluba takalmi. Ta san yana faɗa, ko ya riga ya faɗa, ta rasa daidai inda za ta sa amsarta. Sai ta ga inuwa ta rufe ƙofar. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa ɗagowa daga teburinsa don wannan magana ba ya taso, gilashi maƙale a ido, ya tsaya a bayanta, ya sunkuyo ya ɗora haɓarsa a tsakiyar kanta.

"Bakwai saura kwata, mutuniyar."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta saba, sai ta ga rabinta ya daina zama gaskiya.

"Na ji, Malam," ta ce. "Sake faɗa."

Ya ɗaga ido ya dubi bango, don shi ba ya ƙarya a kan lokaci ko don mace.

"Bakwai saura minti goma sha huɗu."

Ta ce ya sake. Ya sake, yana rage minti ɗaya duk lokacin da hannun agogo ya matsa, ita kuma tana tsaye da jaka a hannu ba ta motsa ba. Can motar ma'aikata ta iso bakin titi ta danna hon. Ita ba ta ji ba, shi kuma bai gaya mata ba.